Yadda Ake Daidaita Zaman Inji A Bayan Kwale-kwale

'Yan'uwa manoma, da yawa cikin ƙungiyoyinmu na gama kai suna bakin ruwa ne. Akwai na bakin Binuwai, daga Yola da Numan har zuwa Lau da Ibi. Akwai kuma na bakin Kwara da tafkin Kainji, wajen Yawuri da Wara. A waɗannan wurare kwale-kwale shi ne amalanke, shi ne kuma mota. Da shi ake ƙetarewa da taki zuwa gonar fadama, da shi ake kawo shinkafa da masara gida, da shi kuma ake kai marar lafiya asibiti.

Waɗansu ƙungiyoyi sun haɗa kuɗi sun sayi inji. Wannan dukiya ce babba, mansa kuma yana da tsada, balle tun da aka cire tallafin man fetur a Nijeriya cikin watan Mayu 2023. Inji mai ƙarfin doki 40, irin wanda ake gauraya masa fetur da baƙin mai, yakan sha lita 15 zuwa 20 cikin sa'a ɗaya idan an murɗa totur har ƙarshe. Saboda haka duk abin da zai rage shan mai ya isa a zauna a koye shi.

Mun lura matuƙa da yawa sun iya wanke fulogi, sun iya gauraya mai. Amma akwai wata 'yar ƙusa a wuyan inji wadda ba safai ake taɓa ta ba. Inda mai sayarwa ya bar ta, nan take zama har inji ya tsufa. Ga shi kuwa ita ce take nuna ko goshin jirgi zai ɗaga sama ko zai duƙa cikin ruwa. Abin da muke so mu bayyana shi ne, zaman inji da zaman kaya tare suke aiki. Tilas a daidaita su bisa ga lodin ranar da kuma halin ruwan ranar.

Sassan da ya kamata mu sani

Bari mu tsaya a bayan jirgi mu dubi injin, ko Yamaha ne, ko Suzuki, ko Tohatsu, gama duk ƙirarsu kusan ɗaya ce a wannan wuri.

Na fari, akwai katakon baya, watau allon da ake ɗaure inji a kansa. Na biyu, akwai ƙafar inji, wadda take sauka cikin ruwa, farfela tana ƙarshenta. Na uku, bisa farfela akwai wani ƙarfe mai faɗi a kwance, za mu kira shi faranti. Aikinsa shi ne ya hana farfela jawo iska daga sama. A ƙarƙashin farantin akwai 'yan ƙofofi inda inji yake shan ruwan da yake sanyaya shi. Na huɗu, a jikin mariƙin da yake kama katakon baya akwai ramuka a jere, huɗu ko biyar, da wata doguwar ƙusa da aka zura cikin ɗaya daga cikinsu. A kan wannan ƙusa ƙafar inji take jingina sa'ad da take tura jirgi.

Duk wanda ya taɓa huɗa da garmar shanu ya riga ya san wannan dabara. A goshin garma akwai ramuka inda ake maƙala sarƙa. Idan an canja rami, zurfin huɗa ya canja, ko da yake shanun nan ne, garmar nan ce. Haka ƙusar inji take. Za mu kira ramin da ya fi kusa da katakon baya rami na 1, wanda ya fi nisa kuwa rami na 4 ko na 5.

Abin da yake faruwa idan an canja rami

Farfela tana tura jirgi ne ta inda ta fuskanta. Idan ƙafar inji tana tsaye sosai, farfela tana tura ruwa baya kai tsaye, dukan ƙarfin inji kuwa yana tafiya wajen ciyar da jirgi gaba.

Idan an sa ƙusa a rami na 1, ƙafar inji takan shigo ƙarƙashin jirgi. Farfela tana tura ruwa baya da kuma ƙasa kaɗan. Wannan yakan ɗaga bayan jirgi, goshi kuma ya duƙa. Idan abin ya yi yawa sai jirgi ya riƙa huɗar ruwa kamar garmar da ta nutse. Inji yana nishi, mai yana ƙonewa, gudu babu. Ruwa kuma yana fantsamowa bisa kaya.

Idan an kai ƙusa rami na ƙarshe, ƙafar inji takan fita nesa da jirgi. Farfela tana tura ruwa baya da kuma sama kaɗan. Bayan jirgi yakan zauna cikin ruwa, goshi ya ɗaga. Idan wannan ya yi yawa, matuƙi ba ya ganin gabansa da kyau, iska tana kaɗa goshin jirgi yadda take so, farfela kuma tana kusa da saman ruwa inda za ta shaƙi iska.

Zama mai kyau yana tsakanin waɗannan biyu. Alamarsa ita ce, sa'ad da jirgi yake cikin tafiya da lodinsa, faranti yana kwance daidai da fuskar ruwa. Ku lura, mun ce cikin tafiya da lodi. Jirgin da yake ɗaure a bakin gaɓa babu kaya ba zai nuna muku gaskiyar zamansa ba.

Akwai abu biyu da za a duba tun kafin a taɓa ƙusa. Ɗaya shi ne tsayin inji. Littafin masu ƙera inji ya ce faranti ya kasance daidai da ƙasan jirgi, ko ya sauka ƙasa da shi da abin da bai wuce inci 1 ba, watau milimita 25. Akwai inji mai gajeriyar ƙafa domin katakon baya mai tsayin inci 15, akwai mai doguwar ƙafa domin mai inci 20. Idan inji ya nutse da yawa, ƙafar tana jan ruwa a banza. Idan ya yi sama da yawa, farfela tana shan iska. Ɗayan kuma shi ne karkatar katakon kansa. An ƙera inji domin katakon da samansa ya jingina baya kaɗan, kimanin digiri 12 zuwa 15. Masassaƙanmu sau da yawa sukan kafa katakon a tsaye ƙyam. A kan irin wannan, ko an sa ƙusa a rami na 1 goshi zai riƙa ɗagawa. Maganinsa shi ne kafinta ya fere katako mai ƙarfi, mai kauri a sama, siriri a ƙasa, ya ɗaure shi da noti a wajen katakon baya, sa'an nan a ɗora inji a kai.

Jirgi iri biyu ne

Akwai jirgin da yake ratsa ruwa, akwai wanda yake hawa bisa ruwa. Babban kwale-kwalen katako mai ɗauke da buhuna yana ratsa ruwa ne, yana ture shi dama da hagu. Irin wannan yana da iyakar gudu bisa ga tsawonsa. Jirgi mai nauyi da tsawonsa cikin ruwa ya kai ƙafa 36, idan ya kai gudun kilomita 15 cikin sa'a ya kusa iyakarsa. Dogon jirgi siriri yakan wuce wannan kaɗan. Daga nan duk totur ɗin da aka ƙara, bayan jirgi ne kawai zai ƙara zama cikin ruwa, ya haƙa babbar igiya a bayansa. Man ƙungiya ke nan yake tafiya wajen yin igiya. Ga irin wannan jirgi, a nemi ramin da ƙafar inji za ta tsaya sosai, a kuma rage totur kaɗan daga ƙarshe. Za a isa kasuwa a makare da 'yan mintoci, amma da sauran mai a tanki.

Ƙaramin jirgi marar nauyi, kamar na faiba, ko kwale-kwale mai faɗin ƙasa da babu kaya a ciki, yana iya hawa bisa ruwa ya riƙa zamewa idan inji yana da ƙarfi. Kafin ya hau, goshinsa yakan ɗaga ƙwarai na ɗan lokaci, sa'an nan ya sauko ya daidaita. Ƙusa ta ciki tana taimakonsa ya hau da sauri. Ƙusa ta waje tana ba shi gudu bayan ya hau. Masu ƙera inji sun ce irin wannan jirgi ya fi tafiya da sauƙi idan goshinsa ya ɗaga kimanin digiri 3 zuwa 5. Wannan ɗagawa kaɗan ce, wadda ido yake gani da ƙyar daga bakin gaɓa.

Kaya tukuna, ƙusa daga baya

Mu lissafta abin da yake bayan jirgi tun ba a sa buhu ko ɗaya ba. Inji mai ƙarfin doki 40 yana da nauyin kilo 70 ko fi. Ga matuƙi, ga tankin mai cike. Duka sun kai kilo 150, watau buhu ɗaya da rabi na masara, dukansu a wuri guda. Shi ya sa jirgin da yake tafiya ba kaya yakan ɗaga kai. Da safe in za a tafi gona haka, yaron jirgi ya zauna can gaba, a kai jarkar mai ta ajiya tsakiya, a kuma dawo da ƙusa ciki da rami ɗaya.

Da yamma kuwa in za a komo da amfanin gona, labari ya canja. Kaya masu nauyi su zauna a ƙasa, a tsakiyar jirgi, a raba su daidai dama da hagu. Marasa nauyi su hau bisa. Kada a tara buhuna a goshi domin wai nan ne kusa da gaɓa. Bayan an gama lodi, mutum ɗaya ya koma gefe ya dubi jirgin daga nesa. Ya kamata ya zauna daidai, ko kuwa goshi ya fi baya tsayi kaɗan. Idan goshi ya duƙa, a ja buhu ɗaya ko biyu baya. Sai bayan wannan ne za a dubi ƙusa.

Dalilin da muka sa kaya a gaba shi ne, a dogon kwale-kwale mai nauyi ƙarfin ƙusa kaɗan ne in an gwada da ƙarfin lodi. Wanda ya tara kaya a goshi, sa'an nan ya kai ƙusa rami na ƙarshe domin ya ɗaga shi, ya sa inji kokawa da kayansa ke nan tun daga wannan gaɓa har zuwa waccan.

Ruwan da yake kwance cikin jirgi shi ma lodi ne, mugun lodi kuwa, gama ba ya zama wuri ɗaya. Idan goshi ya ɗaga sai ya gangara baya ya ƙara nutsar da bayan. Idan jirgi ya karkata sai ya bi gefen da ya yi ƙasa. A kwashe shi sarai kafin a tashi. Haka kuma awaki da tumaki, a ɗaure su. Fasinja kuwa kowa ya zauna inda aka sa shi.

Yadda za a nemi ramin da ya dace

Babu wanda zai iya faɗa muku daga nesa cewa rami na 2 ne ko na 3, domin kowane jirgi da sassaƙarsa. Gwaji ne zai nuna. Ku zaɓi safiyar da ruwa yake kwance, ku yi haka:

1. Ku sa lodin da kuka saba ɗauka, a shirye yadda muka faɗa.

2. Ku zaɓi alamu biyu a bakin gaɓa, misali itacen giginya da mashaya, masu nisan kamar kilomita 1 tsakaninsu.

3. Ku sa ƙusa a ramin tsakiya. Ku yi alama a hannun totur da fenti ko zare, domin a riƙe shi wuri ɗaya kowane zuwa.

4. Ku tafi daga alama zuwa alama, ku kuma komo. Wani ya duba minti nawa aka yi, da agogo ko da wayar hannu. Lalle ne a yi zuwa da komowa, gama gudun kogi yana taimakon ɗaya yana hana ɗaya.

5. Ku cika tanki kafin tashi, ku sake cika shi da kwalbar awo bayan an komo. Abin da ya shiga shi ne abin da inji ya sha.

6. Ku matsar da ƙusa rami ɗaya kaɗai, ku sake yin haka.

Wajen canja rami, a kashe inji tukuna. Mutum ɗaya ya ɗaga ƙafar inji ya riƙe, ko ya sa mata madogarinta. Ɗayan ya zare ƙusa ya zura a sabon rami, ya tabbata ta fita ɗaya gefen, ya kuma kulle bakinta. Kada a sa yatsa tsakanin ƙafar inji da mariƙi, gama idan ta faɗo tana iya yanke shi. Kada kuma a tashi da inji babu ƙusa. Idan ta ɓace, a nemi irinta wurin bakanike. Guntun itace ko ƙusar kafinta za su karye a tsakiyar ruwa.

Bayan kowane canji a fara tafiya a hankali, domin jirgi yakan sake hali a hannu. Ramin da ya ba da gudu mafi kyau da mai mafi ƙanƙanta, jirgi kuma yana tafiya lafiya a hannun matuƙi, shi ne naku. Ku yi gwajin sau biyu, ɗaya da kaya, ɗaya ba kaya. Magatakardan ƙungiya ya rubuta a littafi, a kuma rubuta da fenti a katakon baya, misali "Da kaya 3, ba kaya 2", domin duk wanda ya karɓi tuƙi ya gani.

Alamun da jirgi yake nunawa

Jirgi yakan faɗi damuwarsa ga wanda ya san alamu.

Idan goshi yana tashi yana faɗuwa, yana tashi yana faɗuwa kamar doki mai sukuwa, alhali ruwa a kwance yake, ƙusa ta yi waje da yawa, ko nauyi ya yi yawa a baya. A rage totur, a kai mutum gaba, a dawo da ƙusa ciki.

Idan goshi yana kama ruwa, jirgi yana fizgewa dama ko hagu ba da nufin matuƙi ba, ƙusa ta yi ciki da yawa ko kaya sun taru a gaba. Wannan ya fi hatsari da gudu, gama jirgi yana iya juyawa farat ɗaya ya zubar da mutane.

Idan ƙarar inji ta tashi sama amma jirgi ya rage gudu, farfela ta shaƙi iska. Yakan faru wajen shan kwana. A sassauta totur nan da nan har farfela ta sake kama ruwa. Idan abin yana ta faruwa, ƙusa ta yi waje ko inji ya yi sama. Amma a kashe inji a duba farfela tukuna, domin ciyawa ko leda ko guntun taru da ya naɗe ta yakan kawo wannan alama.

Idan hannun tuƙi yana gajiyar da matuƙi domin jirgi yana ja gefe ɗaya, wannan ma yana da dangantaka da ƙusa. Yawancin farfela suna juyawa dama ne. Da irinsu, ƙusar ciki takan sa jirgi ya ja dama, ƙusar waje ta sa ya ja hagu. A injuna da yawa akwai ɗan kunnen ƙarfe a ƙarƙashin faranti, bayan farfela, ɗaure da noti ɗaya. Bayan an sami ramin da ya dace, idan jirgi yana ja hagu a kwance notin a juya wutsiyar kunnen hagu kaɗan. Idan yana ja dama a juya ta dama. Kada a shafa wa kunnen nan fenti, gama an yi shi ne kuma domin tsatsa ta ci shi maimakon ta ci inji.

Sa'ad da iska ta tayar da ruwa

Hadarin farkon damina yakan taso daga gabas da iska mai ƙarfi, cikin 'yan mintoci kuwa ruwan da yake kwance ya zama raƙuma. A tafki mai faɗi kamar Kainji, wanda ya samu bayan an gama madatsar ruwa a 1968, iska tana da filin da za ta tara manyan igiyoyi. A kogi kuma, idan iska tana busowa gaba da gudun ruwa, igiyoyin sukan zama gajeru masu tsayi. Shawara ta fari ita ce, idan hadari ya haɗu a gabas, a jira a gaɓa.

Ƙusa ba abin canjawa ba ce a tsakiyar igiya. Wanda ya kashe inji a can, jirgi zai juya ya ba igiya gefensa. Saboda haka a dubi sama a yi shawara tun a gaɓa. In an riga an shiga, abin da ya rage a hannun matuƙi shi ne totur da wurin zaman mutane.

Idan igiya tana zuwa daga gaba, ƙaramin jirgi mai gudu ya fi jin daɗi da goshi a ƙasa kaɗan, domin ya yanka igiya maimakon ya riƙa dukanta da ciki. Amma kwale-kwale mai lodi, wanda bakinsa yake kusa da ruwa, dabam ne. Shi yana bukatar goshi marar nauyi da zai hau kowace igiya. Mutanen gaba su ja baya kaɗan, a zaune, ɗaya bayan ɗaya. A rage gudu, a tari igiya a ɗan karkace.

Idan igiya tana bin jirgi daga baya, goshi a ƙasa shi ne babban hatsari. Igiya takan ɗaga bayan jirgi ta tura shi, goshi ya soke cikin ta gaba, jirgi ya juya gefe ya kife. A nan ana son goshi ya ɗaga kaɗan. Kada a yi tseren igiya, a bi bayanta da gudunta.

Wani abu kuma, kada a saki totur gaba ɗaya sa'ad da jirgi mai lodi yake gudu. Igiyar da shi kansa ya tayar tana biye da shi. Idan ya tsaya farat ɗaya za ta cim masa ta haura katakon baya. A rage a hankali.

Ruwa marar zurfi

Binuwai yakan cika daga Agusta zuwa Oktoba, da rani kuwa ya janye ya bar tudun yashi ko'ina. Hanyar da aka bi bara ba lalle ta zama hanyar bana ba, balle bayan babbar ambaliya irin ta 2012 da ta 2022. A tafkin Kainji kuma akwai kututturan itatuwan da ruwa ya ci, suna ɓoye sa'ad da tafki ya cika, suna kusa da sama sa'ad da ya ragu.

Yawancin ƙananan injuna suna da wani madogari dabam wanda yake riƙe ƙafar inji a ɗage rabi, domin wucewa ta ruwa marar zurfi. Wannan domin tafiyar hawainiya ce kawai. Idan an ba da wuta a haka, bayan jirgi zai nutse, farfela ta taɓa yashin da ake gudu. Ko da ƙafa tana zamanta na kullum, jirgi mai gudu a ruwa marar zurfi yakan ƙara zama ta baya.

Sa'ad da ƙafa take ɗage, idon matuƙi ya kasance a kan ɗan ruwan da inji yake tsartowa ta gefe. Muddin yana fita, inji yana samun ruwan sanyi. Idan ya tsaya, a kashe nan take. Ko ƙofofin shan ruwa sun fito sama, ko yashi ya toshe su. Famfon da yake jawo ruwan na roba ne, idan ya juya a bushe ko na minti ɗaya yakan lalace, inji kuma ya ƙone a bayansa. A kuma yi hankali da giyar baya, domin a wannan zama makullin da yake hana ƙafa tashi ba ya aiki, farfela tana iya ɗago ta daga ruwa. Da an fita zuwa zurfi a mai da ƙafa bisa ƙusarta. Inda ruwa bai kai gwiwa ba, a kashe inji, a ɗaga shi duka, a ɗauki gora.

Inji mai maɓalli

Manyan injuna na jiragen faiba ba su dogara ga ƙusa ba. Suna da maɓalli a hannun giya, a danna sama ƙafa ta fita, a danna ƙasa ta shigo, jirgi yana cikin tafiya. Ka'idar ɗaya ce. A tashi da ƙafa a ciki duka. Bayan jirgi ya hau bisa ruwa, a riƙa danna sama kaɗan kaɗan. Za a ji tuƙi ya yi sauƙi, gudu ya ƙaru ba tare da an ƙara totur ba. Da ya fara sukuwa ko farfela ta fara shan iska, an wuce, sai a komo kaɗan. Kafin shan kwana, da kuma kafin a rage gudu, a dawo da ƙafa ciki.

Abin da ƙusa ba za ta iya ba

Duk abin da muka faɗa yana aiki ne ga jirgin da aka yi wa lodi daidai ƙarfinsa. Cikin watan Mayu 2021 wani jirgi ɗauke da mutum fiye da 150 ya nutse a Kwara kusa da Wara, ƙaramar hukumar Ngaski ta jihar Kebbi, mutane da yawa suka rasu. Cikin watan Yuni 2023 wani ya kife da dare a ƙaramar hukumar Patigi ta jihar Kwara da masu komowa daga biki, fiye da mutum 100 suka rasu. A duka biyun an ambaci yawan lodi. Babu ramin da za a sa ƙusa ya ceci irin wannan jirgi. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, mai hedkwata a Lakwaja, ta hana tafiyar dare, ta kuma ce kowane fasinja ya sa rigar ruwa.

Saboda haka muna roƙon kowace ƙungiya mai inji ta sa wannan magana cikin taronta na gaba. Ku gayyaci tsohon matuƙi wanda ya san ruwanku, ya nuna iyakar inda jirginku zai nutse da kaya, a ja layi da fenti a jikinsa dama da hagu. Ku yarda gaba ɗaya cewa idan ruwa ya taɓa layin, sauran buhuna za su jira sawu na biyu, ko na shugaba ne. Ku ba matuƙi ikon ya ce a'a, kada kuwa a rage masa lada domin ya ce haka. Sa'an nan ku sa ranar gwajin ƙusa kafin kaka ta zo, ku ware lita kaɗan na mai dominsa. Abin da kuka samu ku aiko mana, da tsawon jirginku da ƙarfin injinku, domin 'yan'uwa na wani kogi su ƙaru da shi.

Allah ya ƙetarar da mu lafiya.